Jirgin da Bai Iso Mahaɗa Ba

9 ga Janairu

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da murar da sanyin garin nan ya sa mini tun zuwana.

Na san za ka yi ta juya ambulan ɗin nan kana tunanin wace ce. Ni ce 'yar Laftanar, ɗan wan mahaifinka, wadda aka haifa wata huɗu bayan rasuwarsa. Mama ta rasu bara, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da muke kwashe kayanta na tsinci adireshinka a bayan wani tsohon katin asibiti, da rubutun hannunta: "Baffanki mai famfo, yana wurin ranar." Iyakar abin da ta rubuta ke nan, kuma ba ta taɓa ambatarka da baki ba.

Shekara goma sha shida ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, yanzu kuma na samu gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa. Maigidana da yara uku suna gida. Ɗakina yana hawa na biyar, taga ɗaya ce, ita ma bangon wani gini take kallo. Nakan yi kwana uku ban furta kalmar Hausa ba, sai dai in na buge ƙafata da gado.

Binciken da nake yi a kan yaƙin mahaɗa ne, wato mahaɗar layukan dogo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne: wata talatin aka yi ana yaƙin basasa, an gwabza a wurare fiye da ɗari, amma kowane littafi na buɗe sai ya ce an gama shi a yini ɗaya, a wata tashar jirgin ƙasa da gidajenta ba su kai ɗari uku ba. Alhali an ci gaba da harbe-harbe wata goma sha huɗu bayan wannan ranar. Malamin da ke duba aikina ya ce taswira kaɗai ta isa amsa. Wataƙila da gaskiyarsa. Amma taswira ba ta gaya mini yadda mahaifina ya ƙare ba, Mama kuwa abu ɗaya take cewa, "Igwa ce," sai ta tashi ta kama wani aiki.

Baffa, in ba zan fama maka ciwo ba, ka gaya mini abin da idonka ya gani. In kuma ba ka so, ka rubuto mini ko layi biyu ne, in san ina da sauran dangi ta wajen uba.

Taka 'yar,
Malama


16 ga Fabrairu

'Yata Malama,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai gwiwa da ke hana ni sakat, da kunnen hagu da ya mutu tun wancan lokacin, shi ya sa waya ba ta yi mini amfani. Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Mace ce mai kamun kai, ban ga laifinta ba da ba ta ambace ni ba.

Kin ce in gaishe da wanda ke tare da ni. Na gaishe da bango da buta, sun amsa. Matata ta rasu shekara shida ke nan, ɗanmu ɗaya yana aiki a jirgin ruwa, sai shekara-shekara nake ganin rubutunsa. Ɗaki ɗaya nake haya a saman shagon wani tela, shi ke kai mini wasiƙa gidan waya. Sau uku na karanta taki, har ya hau ya leƙo ko lafiya.

Malaminki ya yi rabin gaskiya. Layi uku ne suka haɗu a tasharmu: ɗaya daga tashar jiragen ruwa, ɗaya daga yankin gonaki, ɗaya ya nufi birnin da namu suka mayar hedikwata. Littattafanku 'yan tawaye suke ce musu, mu namu muke cewa. Duk buhun hatsi, duk gangar mai, duk akwatin harsashin da zai shiga birnin nan, sai ya wuce ta gaban ƙofar ɗakin aikina. Wanda ya riƙe mahaɗa ya riƙe maƙogwaron ɗayan.

Abin da taswira ba ta nuna ba shi ne ruwa. Jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, kuma shan ruwansa ya wuce misali. Aikina shi ne kula da injin da ke ɗebo ruwa daga kogi ya tura tanki biyu: na mahaɗa, da na wata ƙaramar tasha a kan tudu, tafiyar kilomita ashirin. Jirgin da ya taso daga birni dole ya sha a can, in ba haka ba tukunyarsa ta ƙafe.

Ranar, tun da hantsi sojojin gwamnati suka fara ruwan igwa daga tsallaken kogi. Mahaifinki ne ke riƙe da gefen gada da mutum saba'in. Yaya nake ce masa, gida ɗaya muka tashi, shi ya koya mini hawan keke, shi kuma ya jefa ni a kwata ranar farko. Da azahar ya shigo ɗakin injin, fuska duk ƙasa, hannun hagu ɗaure da tsumma, jini ya jiƙe shi.

Ya ce, "Ƙane, ruwa na tafiya?"

Na ce, "Yana tafiya, Yaya."

Ya ce akwai jirgi tafe da mutum ɗari takwas da manyan bindigogi, in ya iso kafin la'asar mahaɗa ba za ta faɗi ba. Sai ya zame ya zauna ya jingina da bango, dab da injin, ya ce in ba shi minti biyar, kwana biyu bai runtsa ba. Na tsaya a kansa. Sai nishi yake yi, zafinsa har fuskata yake duka, na san ba zai kai la'asar ba. Na daɗe ina shawara da zuciyata. Ƙarfe biyu da kwata na kashe shi da hannuna.

Tela yana ƙwala mini kira daga ƙasa, wai za a rufe gidan waya. Sauran sai na gaba. Ki riƙa shan abu mai ɗumi saboda murar nan.

Baffanki


22 ga Afrilu

'Yata Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Ni dai ga ni nan, gwiwar ta ɗan yi sauƙi da zafin da aka shiga.

Wata biyu ke nan shiru. Duk ranar Talata da Juma'a nakan sauko in zauna a bencin tela, in ga mai rabon wasiƙa ya wuce a kan kekensa. Yanzu ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza mini kai don kada in wahalar da kaina da tashi. Tela ya ce ƙila jarrabawa ce ta sha kanki. Na ce ƙila. Wata zuciyar kuma tana ce mini abin da na gaya miki ne ya yi miki nauyi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata, shekara talatin da biyar muna tare. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba: ko yau aka mayar da ni ɗakin injin nan, ban tabbata hannuna zai yi wani abu daban ba.

Bari in amsa ɗaya tambayar taki, ko zai yi miki amfani a karatu. Kafin magariba mahaɗa ta faɗi. Ni sojojin gwamnati ba su taɓa ni ba, don su ma ruwa suke so. Daga bakin ƙofata na kalli yadda sauran yaƙin ya tafi, kuma masu gudowa daga birni sun ba ni labarin abin da ban gani ba.

Mako uku bayan nan gidajen burodi suka rufe a birni. Motocin soja suka yi layi a bakin titi babu mai, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Wata ƙasar da ta yi wa namu alkawarin jiragen sama ta aiko da barguna. 'Yan kasuwa suka daina karɓar sabuwar takardar kuɗin da aka buga, suka koma wa tsohuwar a ɓoye. Sannan ki tuna su wa suka mutu a mahaɗa. Ba 'yan ɗiban gaggawa ba ne, sojojin asali ne irin mahaifinki, waɗanda suka san aiki tun kafin yaƙi, waɗanda ya kamata su koya wa sababbi. A yini ɗaya aka rasa malaman, aka bar ɗalibai. Manyan kuma suka koma zargin juna, wannan ya ce wancan ne ya sayar, har suka fara kama junansu.

Amma a ganina ba harsashi ne ya fara ƙarewa ba, yarda ce. Kafin mahaɗa, uwa takan kai ɗanta wurin ɗiban soja da ƙafarta. Bayan mahaɗa, kowane soja yana da rigar gida a ƙasan jakarsa. An ci gaba da mutuwa wata goma sha huɗu, amma kowa ya riga ya san inda za a ƙare, masu mutuwar ma sun sani. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a yaƙin gaba ɗaya.

Ki rubuto ko da faɗa ne. Ɗakin nan ya saba da shiru, amma tun da wasiƙarki ta shigo shirun ya canja kama.

Baffanki


13 ga Mayu

Salam.

Na karɓi wasiƙunka biyu. Ta farkon a kan matakala na buɗe ta, don na kasa haƙuri in kai ɗaki. A hawa na uku na zauna, mutane suna ratse ni suna wucewa, ba wanda zan iya gaya wa abin da ke hannuna ko da na so.

Ga abin da ka rubuta, na kwafe shi harafi da harafi: "Na tsaya a kansa. Sai nishi yake yi, zafinsa har fuskata yake duka, na san ba zai kai la'asar ba. Na daɗe ina shawara da zuciyata. Ƙarfe biyu da kwata na kashe shi da hannuna." Daga nan sai ka ce in riƙa shan abu mai ɗumi.

Mutum ya shigo wurinka da rauni, ya kira ka ƙane, ya roƙi minti biyar. Wa ya gaya maka ba zai kai la'asar ba? Likita ne kai? In tausayi ne, wa ya nema a wurinka? Yanzu kuma ka ƙara da cewa ko yau ne ba ka tabbata za ka fasa ba.

Kwana tara ban je jami'a ba. Ban gaya wa maigidana ba, na ce masa zazzaɓi ne. Shekara arba'in da ɗaya ina jin haushin wani mai harba igwa da ban san fuskarsa ba, ashe da sauƙi a lokacin. Yanzu na gane dalilin da Mama ba ta iya furta sunanka.

Abu ɗaya nake so ka gaya mini, daga shi ba na bukatar komai: ya buɗe ido? Ya gan ka?

Kada ka ƙara ce mini 'yarka.


3 ga Yuni

Malama,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Injin! Injin na kashe, ba Yaya ba! Injin ne ke nishi, shi ne ya yi zafi, shi ne na san ba zai kai la'asar ba. Da na karanta layukan da kika kwafo sai na sauka ƙasa da su. Na ba tela ya karanta ban ce masa komai ba, ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Laifina ne. Shekara arba'in ina maganar inji kamar mutum, na manta ba kowa ke cikin kaina ba. Wata uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai a ƙasar mutane. Ki yafe mini.

Amma kada ki yi saurin wanke ni, ki ji sauran tukuna.

Mako biyu kafin ranar, man injin ya ƙare. Na rubuta takarda sau huɗu zuwa birni, ba amsa. Tsohon baƙin mai nake tacewa da ƙyalle in mayar. Ranar kuwa tun asuba injin bai huta ba, don jirage biyu sun sha da safe, ga masu rauni cike da ɗakin jiran fasinja, kowa ruwa yake kira. Da azahar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa ya yi zafin da in ka tofa yawu sai ya yi tsalle. Duk bakanike ya san abin da ke biyo baya: ya liƙe, ya ƙone, kuma babu wani irinsa a yankin gaba ɗaya. Ƙa'idar aiki ita ce a kashe shi awa biyu ya huce. Na kashe.

Shirun ne ya tashi mahaifinki. Ya buɗe ido, ya gan ni, tunda kin tambaya.

Ya ce, "Me ya faru?"

Na ce, "Zai ƙone, Yaya. Awa biyu kawai."

Ya dubi agogonsa, ya dube ni. Yana da bindiga a ƙugu, yana da ikon ya tilasta mini. Sai ya ce, "Kai ka san aikinka. Awa ɗaya, ƙane, don Allah." Ya miƙe da kyar, ya sha ruwa a kofina, ya fita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan da rai.

Ƙarfe uku da minti ashirin na tayar da injin. Abin da ban lissafa ba shi ne, da ya tsaya, ruwan da ke cikin bututun tudu ya gangaro baya, iska ta shiga. Sai wajen biyar ruwa ya kai tankin ƙaramar tasha. Jirgin kuwa tun uku ya iso can ya tarar da tanki a ƙafe. An ce sojojin sun yi layi daga wata rijiya suna miƙa ruwa da bokitai da hulunan kwano. Mutum ɗari takwas, suna jin ƙarar igwa daga nesa, suna ɗura wa jirgi ruwa da hula.

Mahaifiyarki ba ta yi miki ƙarya ba, igwa ce. Wajen biyar ta same shi a gindin gada. Washegari na nemo shi, na wanke shi da ruwan injin nan, ni da wasu ma'aikata biyu muka binne shi a bayan tanki. Bayan yaƙi na je na gaya mata inda yake. Ta tambaye ni me ya hana jirgin zuwa, na ce ban sani ba. Ina jin ta ga ƙaryar a fuskata.

Saura abu biyu da ban taɓa furtawa ba. Na farko: mako guda kafin nan na ga irin sojojin da ake ɗurowa a taragu, yawancinsu gemu bai fito musu ba. Lokacin da hannuna ke kan makunnin, na tuna da su. Har yau ban san ko don injin kaɗai na kashe ba, ko kuwa wani ɓangare na zuciyata ya gaji ne. Na biyu ya fi muni. Da yammacin ranar, hafsan da ke cikin jirgin ya ce direban ne aka saya, shi ya zubar da ruwan da gangan. A gefen jirginsa suka harbe shi. Na san shi, mutum ne mai yawan raha, yakan kawo wa matata zare daga birni. Na ji labari bayan kwana biyu, na yi shiru. Na ce sai ƙura ta lafa. Ga shi har yau.

In ba ki amsa ba, ba zan ga laifinki ba.

Mai famfo


1 ga Yuli

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gwiwa, ina kuma neman gafararka da kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Ni da nake koya wa yara kada su yanke hukunci da takarda ɗaya, ni ce na rataye ka da layi huɗu. Na sake karanta wasiƙar Fabrairu, ga injin nan a fili, dab da inda ya jingina. Mahaifina nake nema a kowane layi, shi ya sa ban ga komai ba sai shi. Lafiyata ƙalau yanzu, na gaya wa maigidana komai, ya ce in gaishe ka.

Na yi kuka da "Kai ka san aikinka." Ban taɓa jin maganarsa ko ɗaya ba sai a wasiƙunka. Hotonsa ɗaya muke da shi, a ciki ma bakinsa a rufe yake.

Akwai abin da na samu, na yi mako biyu ina tunanin ko in ɓoye maka. Na ga ɓoye-ɓoye ya ishe mu haka. A ɗakin ajiyar takardu na jami'a akwai kwafin littafin aikin kwamandan gwamnati na ranar. Da ƙarfe uku da rabi ya rubuta cewa harsasan igwarsa ba za su wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma in aka ga hayaƙin jirgi daga tudu, a janye zuwa bayan kogi. Ya sa mutum a kan bishiya yana duba masa. Hayaƙin bai fito ba. Ke nan, Baffa, da jirgin ya iso, da mahaɗa ba ta faɗi ba a ranar.

Amma ka saurare ni, yanzu malamar tarihi ce ke magana, ba 'yar Laftanar ba. Takardunka huɗu na neman mai, wa ya ajiye su bai amsa ba? Waɗanda suka rataya rayukan dubban mutane a kan inji ɗaya da ake tace wa baƙin mai da ƙyalle, su suka fara faɗuwa kafin a harba igwar farko. Da ka bar shi ya ƙone da ƙarfe uku fa? Ba jirgi, ba ruwan masu rauni, ba na gari. Abin da na fahimta yanzu shi ne, gumurzu ɗaya yana yanke hukuncin yaƙi ne idan duk abin da ɓangare ya dogara da shi ya taru a wuri ɗaya, har ya zama ƙaramin abu ya isa ya kayar da shi. Maganar zuciyarka kuwa, wannan tsakaninka da Allah ne, ni ban riƙe ka da komai ba.

Direban ne ya hana ni sukuni. Littattafai biyar a kan teburina, huɗu sun kira shi maci amana. Ni da bakina na faɗa wa ɗalibai haka, shekara goma sha shida. Ina so in rubuta gaskiya, amma ba zan yi ba sai da izininka. Na san har yanzu akwai tsofaffin sojoji masu zafin kai a kan maganar mahaɗa. Ina iya cewa "wani ma'aikaci" in ɓoye aikinka, ko da yake hujjar za ta yi rauni. Kai za ka zaɓa.

A watan Satumba zan dawo gida hutu. In ka yarda, zan biyo ta wurinka kafin in wuce wurin yara. Kuma maganar da na rufe waccan wasiƙar da ita, na janye ta.

Taka 'yar,
Malama


19 ga Agusta

'Yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, in ban da gajiyar mota da ta kwantar da ni kwana uku. Ki gaishe da maigidanki da jikokina. Na jinkirta amsa ne don ba na so in ba ki izini kafin in yi abin da ya kamata in yi tun kina cikin zanin goyo.

Direban ya bar 'ya ɗaya, shekararta bakwai a lokacin. Na daɗe da sanin inda take. Tana da shagon sayar da littattafan makaranta a wani gari, awa uku daga nan. Sau biyu a baya na je har bakin titin na juyo. Ranar Litinin ta makon jiya na sa rigata mai kyau na tafi. Tela ya so ya raka ni, na ce a'a.

Na same ta tana jera alƙaluma. Ta yi furfura ita ma. Ta ce, "Baba, me za a ba ka?" Na ce ba saye na zo ba, na yi aiki da mahaifinta. Sai fuskarta ta rufe kamar an ja ƙofa. Ta ce, "In zagi ka kawo, an riga ka." Na ce ta ba ni wurin zama, ƙafata ba ta da kyau.

Na gaya mata komai, tun daga baƙin mai har zuwa shirun da na yi. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Wata mata ta shigo neman littafin lissafi, ta ce mata an tashi. Haka har na kai ƙarshe. Sannan ta ce makaranta uku aka canja mata tana yarinya saboda abin da yara ke kiranta, kuma mahaifiyarta ta mutu tana rantsuwa cewa mijinta bai ci amanar kowa ba, ba wanda ya yarda, har ita 'yar wani lokacin.

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Kada ka tambaye ni yau." Sai ta ce, "Za ka iya maimaita wannan a gaban 'ya'yana?"

Na ce zan iya. Ta rufe shagon da rana tsaka, ta aika aka kira su, maza biyu da mace ɗaya, duk manya, ɗaya ma da goyo. Na sake faɗa daga farko a tsakar gidanta. Babban ya tashi ya fita, ya dawo idonsa jawur, ya tambaye ni kamannin kakansa, don ba su da hoto. Na ce dogo ne, mai wushirya, in yana dariya har fasinjan taragon baya suna ji. Ita ce ta raka ni tashar mota. Ba ta ce ta yafe ba. Amma ta riƙe mini hannu na hau, ta ce wa yaron mota a ba ni gefen taga.

Don haka ki rubuta. Kada ki ce "wani ma'aikaci." Ki ce mai famfon mahaɗa, ki sa ƙarfe biyu da kwata, ki sa takardu huɗun, ki sa shekarun da na yi shiru. Masu zafin kai in sun zo, matakalata ashirin da biyu ce, duk wanda gwiwarsa ta hau da shi cikinsu ya cancanci a saurare shi. Kuma kwafin farko ba nawa ba ne, na mai shagon littattafai ne.

Ki gaya mini ranar da motarki za ta iso, da lokacin. In kin sauka ki tambayi shagon tela mai koren ƙofa, kowa ya sani. Kujera ɗaya gare ni a ɗakin, jiya na je wurin kafinta na ce ya yi mini ta biyu. Ya ce baƙo zan yi? Na ce a'a, 'yata ce za ta zo.

Baffanki